Damben da Tamba Ya Ƙi Kwafa

Duk wanda ya zauna a unguwar Badariya ya san Tamba mai bidiyo, kuma da yawa cikin waɗanda suka san shi da kyau sun taɓa ɗanɗana hannunsa. Ɗan mahauta ne, a Birnin Kebbi aka haife shi, kuma tun kafin ya iya fiɗa ya iya naushi. Mahaifinsa ya gaji da bin gidaje yana ba iyayen yara haƙuri, yau an fasa baki, gobe an kumbura ido. Rannan ya kama shi ya kai shi wurin 'yan dambe, ya ce tunda dai ba zai daina dukan mutane ba, to ya je inda ake yi wa mai duka kiɗa.

Bahago ne, kuma hagun nan tasa ta yi ɓarna. Ta karya haƙarƙari, ta zubar da haƙora a filaye da dama, akwai wani mutumin Jega da har ya mutu bai ƙara ji da kunnen dama ba. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, cewa ake yi an kashe ka. Tamba ya yi shekaru yana yawon dambe ba wanda ya kashe shi, har ya fara ganin kamar ƙasa ta wasu ce, shi tsayuwa aka halicce shi ya yi. Ba ya gaishe da abokin karawa, ba ya ɗaga wanda ya kayar.

Sai wata shekara bayan girbin shinkafa aka haɗa shi a Argungu da wani manomi, Maigandi, gajere mai faɗin kafaɗa wanda magana ma wuya take yi masa. Turmin farko Tamba ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido guda. Turmi na biyu ya ƙara masa a wurin, har masu kallo suka fara cewa a raba. Maigandi ya share jinin da bayan hannu ya koma ya tsaya. Da aka shiga na uku, ya duƙa kamar zai tsinci wani abu, ya sako dama daga ƙasa, ta sami Tamba a muƙamuƙi.

Faɗuwa ba abin kunya ba ce, manya sun faɗi kafin shi. Abin da ya biyo bayanta ne ya ci Tamba. Ya tashi da rarrafe, bakinsa na zubar da jini, bai san gabas ba bai san yamma ba, ya nufi gefen fili ya rungume ƙafar mai kalangu yana zaton Maigandi ne, yana ta kai mata naushi. Filin nan kaf ya tuntsure da dariya. Ihun kisa ya san shi, shi ma ya sha sa a yi wa wasu, amma dariya ba a taɓa yi masa ba.

A lokacin kaset ake yayi, kuma akwai mai kyamara a filin. Tamba bai jira muƙamuƙinsa ya haɗe ba. Da ɗaurin tsumma a kai ya bi mutumin har shagonsa, ya ture ƙofa, ya shaƙe shi a jikin bango har idanunsa suka firfito, ya karɓe kaset ɗin tun ba a buga ko guda ba. Niyyarsa ya jefa shi a wuta. Ya hura wutar ma, ya tsaya a kanta, sai ya kasa, ya naɗe shi a tsohon zane ya cusa ƙarƙashin akwati. Bai ƙara shiga fili ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne da ya sayi kyamara ya koma ɗaukar dambe. Shi a ganinsa, tunda akwai na'urar da ke iya riƙe kunyar mutum har abada, gara ta kasance a hannunsa da ta kasance a hannun wani.

Sana'ar ta karɓe shi. Zamanin kaset ya wuce, aka zo na faifai, shi ma ya wuce, Tamba ya sayi kwamfuta irin ta rataye a jaka, yana zama a bakin kasuwa yana tura wa matasa dambe a waya. Gemu ya yi fari, ciki ya fito, yatsun hagun suka sandare har ba sa dunƙuluwa sosai, amma zuciyar tana nan yadda take. Kowa ya san dokarsa: ba a ambaton Argungu da dambe a numfashi ɗaya a gabansa. Wani mai shayi ya taɓa mantawa, ya tashi da tabon butarsa a goshi.

Ana nan sai labari ya zo cewa Maigandi ya lalace, dukan da ya sha a kai shekara da shekaru ya taru ya kwance masa hankali. Tamba ya ce zai je dubiya. Ƙarya yake yi, so yake ya gani da idonsa cewa zamani ya rama masa. Ya shiga mota ya tafi Argungu da farin ciki a ransa, aka nuna masa gidan a bayan gari, wajen fadama.

Ya tarar da shi zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, yawu na bin haɓarsa, hannun daman nan da ya kashe Tamba yana kwance a cinya yana rawa. Ƙuda ya sauka a kan tsohon tabon girarsa bai kore shi ba. Tamba ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya sake faɗa da ƙarfi. Maigandi yana kallon bango. Farin cikin da Tamba ya zo da shi ya bi iska, tausayi da tsoro suka kama shi, don ya san wasu daga cikin dukan da suka kai mutumin nan ga haka nasa ne.

Matar Maigandi, Laure, ita ke ɗawainiya da shi, ita ke ba shi abinci a baki. Ta ajiye wa baƙo ruwa ta ce, "Malam Tamba, kak ka wahal da bakinka. Ko ɗiyanai bai sani ba. Sai dai in an yi biki ya jiyo kalangu daga nesa, ka ga kahwaɗatai ta ɗan motsa. Shi ke nan abin da yar rage."

Maganar kafaɗar nan ta hana Tamba sakat. Da ya koma gida ya jawo akwati ya ciro kaset ɗin, ya kai wa Riskuwa, mai gyaran kwamfuta a unguwar Nasarawa, wanda ke da tsohuwar na'urar bidiyo a ƙarƙashin tebur, don a juye shi cikin kwamfutarsa. Sharaɗi ya kafa masa: ya haɗa wayoyin, ya nuna masa inda zai danna, sannan ya juya ya fuskanci bango. Haka aka yi, magidanci mai 'ya'ya ya tsaya yana kallon bango a cikin shagonsa, yana jin dariyar mutanen da ba ya gani. Kaset ɗin ya sha damina da yawa a akwati, ya yi fumfuna. Da ƙyar ya kai ƙarshe, wajen fito da shi zaren ya naɗe a cikin na'urar ya tsittsinke. Damben Argungu ya koma wuri ɗaya tak a duniya, cikin kwamfutar Tamba.

Ranar Juma'a ya kai ta Argungu, ya ɗora a kan turmin da aka kifa a gaban Maigandi, ya kunna. Kalangu ya tashi. Kafaɗar ta motsa, sannan kai ya juyo. Da aka zo turmi na uku, hannun da ke rawa ya tsaya cak, ya dunƙule. Naushin na sauka Maigandi ya ja numfashi ya ce, "Tamba!" Ya waiwaya ya ga matarsa, ya ce, "Laure, an ba irin shinkafa ruwa?" Laure ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka. A ranar, da hannunsa ya sha fura, ya tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Tamba tsiya a kan tumbinsa. Zuwa la'asar idon ya sake mutuwa, ya koma kallon bango.

An gwada masa wasu damben, har da na manyan da suka fi su suna, ko gezau. Wannan ɗin kaɗai ke buɗe shi. Saboda haka Juma'a ta zama ta Argungu. Tamba zai kunna, ya juya baya ya zauna yana kallon rumbu, yana jin filin nan yana yi masa dariya, haƙoransa a cije, har Maigandi ya kira sunansa. Wanda ya san Tamba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai alherinsa yana da iyaka, kuma Laure ce ta fara cin karo da ita.

"Malam Tamba, da ka sa muna shi ga wayata," in ji ta. "Kwana shidda shina zaune kamar ba shi. In shina wurina, kullum sai in kunna mai."

"Ba a sa shi ga waya."

"Ba mai gani sai ni da shi, na rantse."

"Waya ba ta da rantsuwa, Laure. Yau tana hannunki, gobe tana wurin mai caji, jibi duk Kabi ta gani. Ni ka kawo shi, ni ka maishe shi."

Ya rufe kwamfutar da ƙarfi har Maigandi ya zabura. Laure ba ta ƙara tambaya ba, amma ta daina raka shi zaure.

Riskuwa ma ya yi nasa ƙoƙarin. Kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, tana daskarewa, kuma maganin Tamba ga duk na'urar da ta yi gardama ɗaya ne, ya ɗaka mata tafi a gefe, yadda yake yi wa janareto. Da ya kai ta gyara, Riskuwa ya kara kunne ya saurara, ya girgiza kai.

"Baba, ka bar bugunta. Faifan da ka ajiya cikinta juyawa shikai, duka na kashe shi. Kuma ko ba duka, rana guda za shi tsaya ba sallama. Ka sai faifan waje ka kwahe komi, ka bar shi gida, kak ka sa su jaka guda. In da hali ka aje wani kwahin wani gari, ko bisa intanet. Lokaci-lokaci ka buɗe ka gani ko suna nan."

Wannan karon Tamba ya ji magana, abin da ba ya yawan yi. Ya sayi faifan, ya zauna a shagon yini guda ana kwafa. Damben Jega, na Bunza, na Yawuri, aikin shekaru, duk suka shige. Da aka zo kan fayil ɗin Argungu, wanda ya ɓoye a can cikin wani lungu da sunan bikin aure, sai ya sa yatsa ya tsallake shi.

"Baba, saura wanga. Shi na ma ya hi kowane..."

Bai ƙarasa ba Tamba ya ci kwalarsa ya ɗago shi daga kujera, sukurori da ƙananan kayan aiki suka watse a ƙasa. Ya ce faifan waje ana sace shi, ana aronsa, jikoki na iya jona shi, intanet kuwa kasuwa ce. Abin da ke cikin jakarsa, a kafaɗarsa, shi kaɗai ya yarda da shi. Riskuwa ya gyara wuyan rigarsa ya ce Allah ya kyauta. Wauta iri-iri ce, amma mutum ya sayi faifai don tsoron asara, ya adana duk abin da zai iya rayuwa ba shi, ya bar guda ɗayan da wani ke rayuwa da shi, wannan sai Tamba.

Abin ya faru da hantsi, wata Juma'a, a tashar da ake shiga motar Argungu. Mota ta cika, wani ɗan kamasho ƙato, idanunsa jajur, ya ce a kawo jakar a sa a but. Tamba ya ce jakarsa ba ta shiga but. Aka yi ka-ce-na-ce, Tamba ya daka masa tsawa. Ɗan kamashon ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Tsoho, wa kaka yi ma tsawa? Ba kai na Tamban da yay yi rarrahe Argungu ba? Babana na wurin. Ya ce ƙahwar makaɗi ka kama kana duka!"

Wasu fasinjoji suka yi dariya. Ba su ma san labarin ba, yadda ya faɗe shi ne ya ba su dariya. Tamba ya nemi hagunsa ta dunƙule ta ƙi. Abin da ke hannunsa jakar ce, ya riƙe ta a maɗauri ya wulwula ya sauke ta a fuskar ɗan kamashon. Hanci ya fashe, jini ya yi tsartuwa har jikin gilashin mota. Ya sake ɗagawa ya ƙara masa a tsakar ka, ya ƙara, yana jin wani abu na ɓarkewa a cikin jakar amma hannunsa bai tsaya ba. Sai 'yan tasha suka yo kansa. Wani ya sauke masa katako a gadon baya, wani ya kwashe ƙafafunsa, suka rufe shi da shuri da duka har ya daina ɗaga hannu. Jakar tana ƙarƙashin ƙafafunsu ana tattaka ta. Direbobi ne da wasu dattawa suka janye shi, aka sasanta a ofishin tasha, tunda kowane ɓangare da jininsa.

Bai je asibiti ba, shagon Riskuwa ya nufa, riga a yage, ido guda a rufe. Riskuwa ya kwance kwamfutar, ya ciro faifan ya girgiza shi kusa da kunne. Ƙarar da ya yi irin ta tsakuwa a gwangwani ce. Duk da haka ya gwada, ya jona shi nan ya jona shi can, daga baya ya aika wa wani gwani a Kano. Amsar da ta dawo ita ce farantin ciki ya farfashe, ba abin da za a iya cirowa.

Faifan waje yana gida lafiya lau, ko ƙura bai yi ba. Tamba ya ari kwamfuta ya jona shi, ya bi fayil-fayil yana buɗewa, alhali ya fi kowa sanin abin da ya tsallake da yatsansa. Ga mutane nan birjik suna faɗuwa, amma tasa faɗuwar babu. Ya nemi mai kyamarar nan na da, aka ce ya daɗe da rasuwa, kuma ai shi da kansa ya tabbatar ba a buga ko guda ba. Shekaru yana fatan abin nan ya ɓace daga duniya, ga shi ya ɓace, kuma baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar da aka kashe shi.

Juma'a ta zo ta wuce bai je ba, wata ma ta wuce. Kunya ta hana shi ɗaga waya. Da ya gaji ya ɗaga, muryar Laure ba faɗa a cikinta, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

"Malam Tamba, ya bar haɗiyar abinci. In na sa mai a baki sai shi riƙe. In ba ka zuwa, ka hwaɗa min in sani."

Ya je. Ba jaka a kafaɗarsa, sai ƙullin tsumma da zare irin na ɗaurin hannu. A tsakar gida ya gaya wa Laure gaskiya a tsaye, bai rage komai ba, har da yatsan da ya tsallake. Maigandi na nan a inuwar rumbu, ya rame, wuyansa duk jijiya.

Tamba ya durƙusa ya kama hannun daman mai rawa, ya naɗe shi da tsumma ya bi da zare, ya ɗaure tam yadda ake yi. Ya ɗaure tasa hagun da haƙori. Ya tuɓe riga, ga tumbi, ga shatar katako a baya ba ta gama bajewa ba. Ya kunna kalangun wani damben a wayarsa ya jefa ta kan tabarma, ya ja baya ya duƙa, ya miƙa hannu guda gaba yana zagaya shi. Kafaɗar ta ɗan motsa, ba ta ƙara ba. Ya kira shi, ya zage shi, ya buga ƙafa a ƙasa. Maigandi na kallon bango.

Sai Tamba ya matsa ya ɗaka masa hagu a kan tsohon tabon gira. Ba da wasa ya yi ba, fatar ta buɗe, jini ya gangaro ya rufe ido. Laure ta ƙwalla ƙara ta rarumo muciya ta sauke masa a kafaɗa, ta ɗaga za ta ƙara, sai ta tsaya da ita a sama. Maigandi ya share jinin da bayan hannu. Ya dafa ƙasa, ya miƙe a kan ƙafafun da suka daɗe ba su ɗauke shi ba sai da taimako, yana tangaɗi. Tamba ya ga ya duƙa, ya san abin da ke zuwa, yana da lokacin kaucewa sarai. Ya sauke hannunsa ya miƙa haɓa.

Ya yi niyyar in ta zo ya faɗi da gangan, amma bai sami damar yin wasan ba. Hannun manomi ne, ƙashi ne zalla, ya same shi daidai inda ya karye a da. Ya ji ƙarar a cikin kansa, ƙasa ta taso ta buge shi a fuska. Da ya dawo hayyacinsa yana kwance a gefen turmi, bakinsa cike da jini da ƙasa da gutsuren haƙori, kalangu na ta yi a kan tabarma. Ba wanda ya yi dariya.

"Tamba," in ji Maigandi daga sama, yana haki. "Kai ma ka tsuhwa. Laure, ɗebo mai ruwa. Ni ma yunwa nika ji."

Laure ta kawo ruwan da gudu, ta koma ta damo fura. Tana tsugune tana riƙe wa mijinta ƙwarya yana sha da kansa, tana danne masa girar da gefen zanenta, ta juyo ta dubi Tamba da ke jingine da rumbu yana tallafe da muƙamuƙi. Ta yi magana a hankali don kada mijin ya ji.

"To ran Juma'a hwa, Malam Tamba?"

Bakin ba ya buɗuwa sosai. Ya tofar da jini, ya jawo wayarsa daga kan tabarma ya tura mata ta ƙasa, maganar na fita ta tsakanin haƙora.

"Ina zuwa. Ki koyi ɗaukar bidiyo kahin nan. In mun yi, ki tura ma ɗiyanku, ki tura ma maƙwabta, ki ba mai caji. Ban san sau nawa haɓar ga ka iya ɗauka ba."